Hannun jari, asusun haɗaka ko Sukuk: ina za ka sa kuɗinka?

Tun da gwamnati ta saki naira kasuwa ta riƙa yanke darajarta a 2023, duk mai 'yan kuɗi a ajiye a Sakkwato ya ga yadda suke zagwanyewa a hannu. Da can amsar ita ce fili ko raguna. Yanzu matasa a majalisa kan nuna maka manhajar sayen hannun jari a waya, su ce ga inda riba take. Kafin ka danna komai, tambayi kanka abu biyu: kuɗin nan za su iya shekara nawa ba ka taɓa su ba, kuma yaya zuciyarka take in ka wayi gari sun ragu?

Hanya ta farko ita ce ka sayi hannun jarin kamfani da kanka a kasuwar NGX ta Legas, ta hannun dillali mai rajista da SEC, hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannun jari. Mu nan muna da misali a gida: kamfanin siminti na Kalambaina ya haɗe da na Obu da ke jihar Edo, suka zama BUA Cement, wanda ya shiga kasuwar a Janairun 2020. Mai hannun jari a kamfani irin wannan yana samun rabon riba idan an raba, yana kuma cin moriyar tashin farashi. Haɗarin ya fi zuwa ne daga halin mai sayen. Mutane kan shigo lokacin da kowa ke maganar riba, wato farashi ya riga ya hau, sannan su sayar a firgice ranar da ya faɗi. Haka aka yi a 2008: kasuwa ta kai ƙololuwa a watan Maris, da yawa sun ci bashin banki sun saya, da ta rikito aka bar su da bashi da takardun da ba su kai rabin kuɗinsu ba. Ɗan kasuwar albasa ya fi su sanin wannan: yana saye da kaka lokacin da take banza, ya zuba a rudu, ya san wata za ta ruɓe, ba ya kuma kwashewa ya sayar don farashi ya ɗan motsa a mako ɗaya. In ba ka da irin wannan haƙurin, ko ba ka da lokacin karanta rahoton kamfani, wannan hanya ba taka ba ce.

Ga wanda bai da wannan lokacin akwai asusun haɗaka, inda ƙwararru ke tattara kuɗin jama'a su rarraba a kamfanoni da yawa, su cire ladan aikinsu. Mafi yawanmu za mu fara tambayar halasci ne, kuma akwai asusun da ke bin Shari'a, irin na Lotus Capital, da ba ya shiga bankunan ruwa, giya ko caca. Shi ma yana faɗuwa idan kasuwa ta faɗi, amma kamfani ɗaya ba zai tafi da kai ba. A ganina nan ya kamata ma'aikaci ya fara.

Sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardar zuba jari marar kuɗin ruwa, ya fi duka kwanciyar hankali. An fara shi a 2017 da naira biliyan 100 don gina hanyoyi, ana biyan masu zuba kuɗin haya duk wata shida, a mayar da uwar kuɗi in wa'adi ya cika. Raunin sa ɗaya ne: idan tsadar kaya ta wuce hayar, ka yi asara ba ka ji ba. Ya dace da dattijo mai kuɗin sallama da ba ya son hawan jini.

Masu alkawarin ninka kuɗi cikin wata ɗaya ba sa cikin wannan lissafi. Irinsu ne MMM da ta dakatar da biyan mutane a Disambar 2016, da CBEX da ta rufe a Afrilun 2025, kuma kusan kullum ɗan'uwa ne ko abokin aiki ke jawo mutum, da zuciya ɗaya, don shi an biya shi a farko.

Duk wadda ka zaɓa, duba sunan dillalin ko mai kula da asusun a shafin SEC. In hannun jari ne, ka karɓi lambarka ta CSCS, kamfanin da ke adana rajistar hannun jari, ka cike takardar da za ta sa rabon riba ya riƙa shiga asusun bankinka kai tsaye, sannan ka sanar da iyalinka inda takardun suke.