Hoton Istifanas mai gilashi a shagunan Sabon Gari

Shagunan kayan coci a Sabon Gari, Zariya, suna sayar da hoton Istifanas, shahidi na farko a Kiristanci, iri biyu: na kwali mai leda, da mai gilashi da firam ɗin katako. Mai gilashin ya fi.

Zanen ya yi daidai. Ga shi da rigar dikon, wato mai hidima a coci, duwatsu a hannu ɗaya, reshen dabino a ɗayan, alamar shahada. Yana cikin mutum bakwai da aka zaɓa su kula da rabon abinci ga gwauraye, aka kuma jajjefe shi a Urushalima, Shawulu, wanda daga baya aka sani da Manzo Bulus, na tsaron tufafin masu jifan (Ayyukan Manzanni 6 da 7). In ka ga an sa masa hular bishop, mayar musu, mai zanen ya yi kuskure.

Matsalar tana bayan firam ɗin. Kwalin siriri ne, ƙurar hunturu tana shiga ta gefe, damshin damina kuma ya sa takardar ta manne da gilashi. A liƙe gefunan huɗu da salatif, kada a rataye shi inda rana ke bugawa, don jan launin ke fara koɗewa. Mai son sa don bikin ranar Istifanas na 26 ga Disamba ya saya tun Nuwamba.