Makarantar kuɗi a Aboabo da dokarta ta maimaita aji

Koyarwa a wannan makaranta ta unguwar Aboabo, a Kumasi, tana da kyau, musamman lissafi da Turanci, kuma malamai suna duba littattafan yara da jan biro shafi bayan shafi. Kuɗin zango bai fi ƙarfin mai matsakaicin hali ba.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne dokar da ke sa ɗalibi ya maimaita aji saboda rashin yin aikin gida, ko da ya ci jarrabawa. Ɗan yayata ya zo na uku a ajinsa, amma aka riƙe shi a aji biyu na ƙaramar sakandare. Yaron unguwar zango irin Aboabo yana tashi daga boko ya wuce Islamiyya, ya ɗebo ruwa, sannan sau da yawa a ɗauke wuta kafin ya buɗe jaka. Shugaban makarantar ya san haka sarai. Tunda aikin aji yana cikin makin BECE, wato jarrabawar kammala ƙaramar sakandare a Ghana, rage maki ya isa horo, tare da tsayar da yaro awa ɗaya bayan tashi ya kammala aikinsa a gaban malami. Duk mai shirin kai ɗansa can ya nemi ganin wannan doka a rubuce kafin ya biya ko sidi ɗaya.