Sharhi: wata shida ina karɓar maganin tarin fuka a sashen DOTS

Na kammala shan maganin tarin fuka a sashen DOTS na wani asibitin gwamnati da ke Kano, wato sashen da ke ba masu cutar magani yana sa ido kan yadda suke shan sa, kuma na ga ya dace in faɗi yadda na samu aikinsu, domin masu tari da yawa suna ɓata watanni a kemis kamar yadda na ɓata. Sai da na fi wata biyu ina tari, ga zufar dare mai jiƙa matashin kai, ga rama har wando ya daina zama a ƙuguna, kafin yayata ta matsa mini na je.

A ranar farko aka ba ni 'yar roba mai murfi, aka ce in fita fili in kawo kaki daga can cikin ƙirji, ban da yawu. Da na'urar GeneXpert suke gwajin, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, kuma tana iya ba da sakamako cikin kamar awa biyu, har ta nuna ko ƙwayar cutar ta daina jin rifamfisin, ɗaya daga cikin manyan magungunanta. Ni dai sai da na jira kwana uku, saboda cunkoso da ɗaukewar wuta. Gwajin da maganin kyauta ne, ban biya ko kwabo ba, amma hoton ƙirji da kuɗina na yi, don haka mai zuwa ya riƙe wani abu a aljihu.

Abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne bayanin likita. Ya ɗaga hoton saitin hasken taga, ya ce, "Malam, ka ga wannan farin hazo a saman huhunka na dama?" Ya ce idan ƙwayar ta shiga huhu, garkuwar jiki ba ta iya kashe ta kai tsaye, sai ta kewaye ta, ta yi mata wani ɗan ƙulli da likitoci ke kira giranuloma. Ƙullin yakan yi shekaru a kwance ba tare da mutum ya ji komai ba, amma da zarar jiki ya yi rauni sai cikinsa ya lalace ya koma kamar cuku, ya fashe, ya bar kogo a huhu. Ya ƙara da cewa akwai wata cuta, sakoyidosis, mai yin irin waɗannan ƙulle-ƙullen, wadda ba a ɗaukar ta daga wani, kuma maganinta, firedinisolon, yana iya tsananta tarin fuka idan aka ba mai shi bisa kuskure. A nan na fahimci dalilin da ya sa ba su yarda su dogara da hoto kaɗai ba.

Aka ɗora ni a sikeli, na yi kilo 52, aka yanka mini ƙwaya uku kullum kafin karin kumallo, kowace ɗauke da magani huɗu: rifamfisin, ayisoniyazid, firazinamid da etambutol. Haka ake yi wata biyu, sannan a koma biyun farko har wata huɗu.

Ƙorafina a nan yake. Babu wanda ya gaya mini cewa rifamfisin yana mayar da fitsari ja, kuma a daren farko ban runtsa ba, ina zaton jini ne. Maganar da ba za ta ci minti ɗaya ba ce, amma rashinta ya isa ya sa mutum ya jefar da maganin. Haka ciwon gaɓoɓi da zugin tafin ƙafa, sai da na kai kuka kafin aka haɗa mini da bitamin B6. Rumfar jira kuma, ko da yake daidai ne ta kasance a buɗe don iska, tana bakin hanyar da kowa ke bi, kuma na ga mata suna jan mayafi su rufe fuska don kada a gane su.

Ma'aikaciyar jinyar kuwa, Allah ya saka mata da alheri. Bayan wata biyu tari ya tsaya, abinci ya koma shiga, na yi sakaci na wuce ranar karɓa, sai ga kiranta: "Malam, sauƙi ba warkewa ba ne, ka zo yau." A wannan gaɓar ce mutane ke guduwa, cutar ta dawo ba ta jin magani. Ita ce kuma ta sa na kawo iyalina aka duba su, aka ɗora ƙaramin ɗanmu, mai shekara uku, a kan maganin kariya.

Da na haura kilo 55 aka ƙara mini ƙwaya ta huɗu. An sake gwada kaki a ƙarshen wata na biyu, na biyar da na shida, duka ba a ga komai ba, kuma ranar da aka rufe katina sikeli ya nuna 61. Duk wanda tarinsa ya kai mako biyu, nan zan tura shi, amma zan fara gaya masa zancen jan fitsari kafin ya tafi.