Earl Grey ɗin da na daɗe ina jira ya zo da ƙamshin turaren wuta

Kwana goma ke nan da saƙon ganyen shayina ya iso Kumasi, kuma har yanzu in na tuna sai raina ya sosu. A wajen Hajiyar nan ta Akra na saya, wadda ke tallar turare da humra da ganyen shayi a WhatsApp. Mutanenmu na Aboabo da Asawase da yawa sun san ta, ba sai na kama suna ba. Kuɗin ma kun san ba na wasa ba ne.

Iri uku na ɗauka, kuma gaskiya ɗaya daga ciki ya burge ni, wato mai citta da kirfa. A gwangwaninsa ya zo, a liƙe. Ganyen Assam ne na Indiya, baƙi, mai ƙarfi, irin wanda madara ba ta kashe shi. Ƙaramin cokali ɗaya nake zubawa a kofi, in kwara tafasasshen ruwa, in rufe minti huɗu cif, don in ya wuce biyar bauri yake yi. Cittar tana ɗan karce maƙogwaro, kirfar ta biyo baya a hankali da zaƙi-zaƙinta. Ni da na tashi da Lipton da madarar Ideal a teburin mai shayi, da ataya in dare ya yi, ban taɓa zaton baƙin shayi zai kai haka da sukari rabin cokali ba. Maiɗakina, wadda kullum take cewa na cika kanta da gwangwanaye, ita da kanta ta nemi ƙari. Mai vanila kuwa ba yabo ba fallasa, ƙamshinsa ya fi ɗanɗanonsa. Da a nan abin ya tsaya, da na ce kowa ya garzaya ya saya.

Amma ni saboda Earl Grey na yi odar tun farko. Wani abokina ne ya fara ɗanɗana mini shi, na Twinings, da ya dawo daga Landan, kuma tun ranar nake begensa. Ƙamshinsa daga man ɓawon bergamot yake, wani ɗan lemo da aka fi nomawa a Kalabiriya, kudancin Italiya, sunan kuma na Charles Grey ne, wanda ya yi firaministan Birtaniya daga 1830 zuwa 1834. Ƙamshi ne siriri mai tsabta, kamar an murza ɓawon lemo a kusa da hancinka. Wanda ya taɓa sha sau ɗaya ba zai kasa gane shi ba.

Wannan ɗin a leda ya zo, an ƙulle bakinta da hannu. Ashe babba take saye tana aunawa. Ƙanwata kuma ta yi odar turaren wuta da humra na biki a wajenta, sai Hajiya ta haɗa mana kayan a kwali ɗaya, ledar shayin kwance a jikin kwalbar turare, tun daga Akra har tashar Asafo. Duk mai harkar shayi ya san busasshen ganye zuƙar ƙamshi yake kamar soso. Ai da haka ake yin shayin yasmin a ƙasar Sin, a shimfiɗa furen tare da ganyen ya kwana, ganyen ya sha. Wanda yake sayar da shayi bai san wannan ba, me ya sani?

Ranar Juma'a Kawu ya biyo ni gida bayan mun sauko daga masallaci. Na daɗe ina yi masa alkawarin wannan shayin, shi kuma mutum ne da ya zauna Jidda shekaru, ya san shayi. Gidan duk ya ɗauki turaren ƙanwata, shi ya sa hancina bai kama komai ba lokacin da nake haɗawa. Na fito da kofunan gilashi, na zuba masa ba madara. Ya kurɓa sau ɗaya, ya riƙe a baki, sannan ya ajiye kofin a hankali ya ce, "Ɗana, wannan ganyen ya kwana da turare. Kada ka ba baƙo." Kunya ta rufe ni. Da na kurɓa nawa sai na ji sandal tsagwaronsa, ga wani maiƙo mai ɗaci da ya manne a harshe, ko ruwa bai wanke shi ba.

Da yamma na kira Hajiya cikin ladabi, muka gaisa, na yi mata bayani. Sai ta ce, "Haba Malam, ai haka ƙamshinsa yake, shayin Turawa ne, ba ka saba ba." Wannan maganar ta fi asarar kuɗin ƙona mini rai. Da ta ce kuskure aka yi, a yi haƙuri, wallahi da na bar zancen. Daga baya ta turo saƙo wai za ta rage mini wani abu in na sake saye.

Na baza ganyen a faranti a inuwa kwana uku ko zai sake. Bergamot ɗin ne ya tafi, turaren yana nan daram. A wajen wannan bincike ne ma na juya gwangwanin mai vanila, na ga saura wata biyu wa'adinsa ya ƙare, ba ta kuma faɗa mini ba. Ga shi dama sai da na yi mako biyu ina bin ta kafin ta saka kayan a mota, alhali tun ranar farko na tura kuɗi ta MoMo.

Mai cittar nan ina shansa kowace safiya, ba zan ɓoye ba, ya kusa rabi. In ya ƙare zan ɗauki gwangwanin in shiga Adum da shi in nemi irinsa kanti-kanti. Kawu kuma har yau yana bina shayi.