Gasar fiyano ta intanet: na biya, na shiga, ga abin da na tarar

Tun kullen korona na 2020 gasannin fiyano na intanet suka yawaita, kuma iyayen ɗalibaina sun sha tambayata ko abin ya cancanci kuɗinsa. A bana na ce bari in gwada da kaina kafin in tura ɗan wani. Na shiga wata da ake shiryawa daga Turai, a rukunin manya. Ba zan kama sunanta ba, domin akwai yabo akwai kuma ƙorafi a bakina, sannan sauran da na duba dokokinsu duk kusan tafiyarsu ɗaya ce.

Ni malamin kiɗa ne a Jos, kuma a majami'a na fara taɓa kibod kamar yawancin abokan sana'ata a nan. Tsarin gasar ba shi da wuya. Ka cike fom, ka biya kuɗin shiga da yuro, ka ɗora bidiyonka a YouTube yadda sai mai adireshin ne zai gani, ka tura musu adireshin. Sharaɗin da suka fi nanatawa shi ne kada a yanke bidiyo ko a haɗa shi, kuma hannuwa da fuska su fito daga farko har ƙarshe. Kiɗan da za ka buga zaɓinka ne. Idan kana son alƙalai su rubuto maka ra'ayinsu, wannan kuɗinsa daban. Da na haɗa duka na juya zuwa naira, abin ya tasam ma kuɗin buhun shinkafa, kuma katina na banki bai wuce ba sai da wani ɗan'uwa da ke waje ya biya na mayar masa.

Etud na zamani na zaɓa, wato irin gajeren kiɗan da ake ginawa a kan matsala guda ta yatsu. Chopin, mai tsara kiɗa ɗan Poland, shi ne ya fitar da irinsa daga ɗakin atisaye zuwa dandali a shekarun 1830, amma wanda ya sake buɗe fagen a zamaninmu shi ne György Ligeti, ɗan ƙasar Hungary da ya rasu a 2006. Ya rubuta guda 18 tsakanin 1985 da 2001, cikin kundi uku, kuma kundin farko mai guda shida ya ci masa kyautar Grawemeyer a 1986. A na farkon, Désordre, hannun dama fararen maɓallan fiyano kawai yake bugawa, na hagu baƙaƙe kawai, kuma da gangan suke zamewa juna har lissafi ya rikice. Wannan ya fi ƙarfina a yanzu. Na huɗu na ɗauka, Fanfares.

Ginin Fanfares ɗan gudu ne na sauti takwas masu hawa, an kasa su uku, biyu, uku, ana maimaita su fiye da sau 200 ba hutawa, wani lokaci a hannun hagu, wani lokaci su koma dama. Ɗayan hannun yana rera amo kamar na kakaki a samansu, da farko yana tafiya tare da su, daga baya ya fara sauka a inda ba a zata ba. Ligeti bai ɓoye ba cewa ya ƙaru da kiɗan Afirka ta Tsakiya, musamman wanda masani Simha Arom ya naɗo a wurin mutanen Banda Linda masu busa ƙaho, inda kowane mutum ke riƙe ɗan yankinsa kuma haɗuwarsu ce ke fitar da kiɗan. Saboda haka wasu ke cewa ai ɗan Afirka zai same shi da sauƙi. Kunne kam yana samun sauƙi, ban musa ba. Wanda ya tashi yana jin ganga biyu suna saɓa wa juna ba zai firgita ba. Amma su can mutane da yawa ne suke raba aikin, kai kuwa yatsu goma ne da kai guda, ga shi an ce gudun nan ya tafi da sauti ƙasa-ƙasa ƙwarai kamar daga nesa yayin da ɗayan hannun ke ɗaga murya. Yatsun hagu na huɗu da na biyar su ne suka fi shan wuya.

Inda na fi ƙaruwa da gasar, tun kafin wani alƙali ya ji ni, shi ne wurin ɗaukar bidiyo. Dokarsu ta yarda da fiyanon lantarki, amma ta ce sun fi son na katako. Na aro babban fiyano a wani zaure, na tarar hunturu ya riga ni. Busasshiyar iska tana tsotse danshin allon da ke cikin fiyano, wayoyin su saki, sauti ya sauka, kuma ba daidai yake sauka ba. Tsakiyar kibod ta fi lalacewa, nan ne kuma gudun Fanfares ya fi zama. Mai saita fiyano ba a kowane lungu yake ba, sai da na jira ya zo daga wani gari, kuma duk wanda zai yi irin wannan ya sa kuɗinsa a lissafi tun farko, ya kuma ɗauki bidiyon a ranar da aka saita ko washegari.

Sai maganar waya. Makirufon waya yana da wata ɗabi'a: in sauti ya yi ƙasa sai ya ɗaga shi, in ya yi ƙarfi sai ya danne shi. Ga hira wannan gata ne, ga Ligeti kuwa ɓarna ce, domin rabin daɗin kiɗan yana cikin tazarar da ke tsakanin raɗa da tsawa. Mutumin da ya jera alamar ƙarfi har takwas a etud ɗinsa na 13 ba da wasa yake ba. Ɗaukar farko da na saurara komai ya fito bai ɗaya, har hucin janareta daga bayan zauren wayar ta jawo shi gaba a wuraren da na sassauta. Da na samo ƙaramin rikoda wanda ake saita ƙarfinsa da hannu, na ajiye shi kamar taku uku daga gefen da murfin fiyanon ke buɗewa, sai na ji abin da nake bugawa. A tambayi masu gasar tukuna ko sun yarda a ɗora sautin rikoda a kan hoton waya, tawa ta yarda muddin ɗauka ɗaya ce.

Ɗauka ɗaya ɗin nan kuwa ita ce malamar. Kiɗan bai kai minti huɗu ba, amma ka kai shafin ƙarshe lafiya sai mai keke napep ya danna hon a bakin titi, ko yatsa ya zame a wurin da bai taɓa zamewa ba. A gida in na yi tuntuɓe nakan koma baya kaɗan in gyara in wuce, in ɗauka na iya. Kyamara ba ta san wannan ba. Dole na koma na haddace kowane hannu shi kaɗai, na kuma koyi fara kiɗan daga ko'ina aka tsayar da ni.

Sakamako ya fito a kan lokacin da suka ce, wannan na yaba musu. An ba ni lamba ta biyu. Murnata ba ta daɗe ba, don da na buɗe jerin sunayen na ga masu lamba ta ɗaya sun cika shafi, masu ta biyu ma haka. Ashe da maki ake rabawa: duk wanda ya haye wani adadi ya zama na ɗaya, ko su nawa ne. Dokar tana rubuce a shafinsu, ba su yaudari kowa ba, sai dai tallarsu ba ta ɗaga murya a kanta. Takardar shaida ta zo ta imel. Kofi kuwa sai ka saya, ka biya kuɗin aikowa. Akwai kuma gayyatar zuwa bikin waɗanda suka yi nasara, wadda jirgi da biza da masauki duk a wuyanka suke, har da wani kuɗin na hawa dandalin. Ban amsa ba.

Ra'ayin alƙalai biyu na samu. Na ɗaya layi uku ne na yabo da za a iya manna wa kowa, ko Mozart ya buga ko waƙar aure, kuma ina shakkar ya saurara har ƙarshe. Na biyun shi ya biya ni kuɗina. Ya ambaci lambobin gaɓoɓin kiɗan. Ya ce duk lokacin da gudun ya koma hannun dama nakan manta da rabon uku, biyu, uku in mayar da shi huɗu da huɗu, kuma ina taka feda, wato abin takawa da ƙafa mai jan sauti, fiye da kima don in rufe gajiyar hannun hagu. Na koma kan bidiyon da takardar kiɗan a gabana, na ga haka ɗin ne. A nan babu wanda zai faɗa mini wannan, domin masu buga Ligeti a kusa da ni ba su da yawa. Matsalar ita ce ba ka da ikon zaɓen alƙalinka, kuma mai kawo kiɗan zamani ya fi kowa shiga wannan caca, tunda da yawansu a kan Chopin da Beethoven suka ƙware.

Kada a haɗa irin wannan gasa da manyan. Ta Chopin a Warsaw tun 1927 ake yin ta, duk bayan shekara biyar. Ta Van Cliburn a Texas ta Amurka ta fara a 1962, a can ne Yunchan Lim ya ci a 2022 yana ɗan shekara 18 bayan ya buga etud 12 na Liszt a zama ɗaya. Ta Orléans a Faransa, wadda aka kafa a 1994, kiɗan da aka rubuta daga 1900 zuwa yau ne abincinta, can ne mai Ligeti zai sami kunnen da ya san shi. A waɗannan galibi na ɗaya mutum ɗaya ne. Akwai ƙungiyar gasannin kiɗa ta duniya a Geneva tun 1957, kuma duba jerin membobinta hanya ce mai sauƙi ta sanin nauyin gasa. Abin da ya haɗa manyan gasannin da ƙananan shi ne su ma da bidiyo suke fara tace masu nema, don haka wahalar da na sha da rikoda ba ta tafi a banza ba. Cliburn ma ta sha shirya ta waɗanda fiyano ba sana'arsu ba ce, daga shekara 35 zuwa sama.

Bayan gasar na buɗe bidiyon ga kowa. A nan a kula: kaɗe-kaɗen zamani irin na Ligeti suna da masu su. Haƙƙin mawallafi a Najeriya da Turai yana kai shekara 70 bayan rasuwarsa, don haka ba za ka sami Ligeti a rumbunan takardun kiɗa na kyauta a intanet irin IMSLP ba, sai ka sayi bugun kamfanin Schott, kuma tsarin YouTube na gane kiɗa yana iya sa wa bidiyon alamar mai haƙƙi, kuɗin talla ya tafi can. A WhatsApp kuma a tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba za a matse shi sautin ya kwanta.

'Yan kwayarmu da suka gani, wata mama ta tambaye ni da gaske ko hannuwana faɗa suke yi. Mai buga mana ganga kuwa bai ce komai ba, kafin a kai rabi ya fara tafa uku, biyu, uku a cinyarsa, ya kuma riƙe shi daidai a wurin da alƙalin ya ce ina saki.

Badi zan tura ɗalibai biyu da suka kai, amma ba da Ligeti ba. Philip Glass yana da etud 20, goman farko ya rubuta su ne don ya gyara nasa hannun, kuma wasu daga ciki ɗalibi mai matsakaicin ƙarfi zai iya ɗauka. Mai son jaz ya jira ya ƙara ƙwari ya nemi takwas ɗin Nikolai Kapustin na 1984. Akwai kuma 24 na Fred Onovwerosuoke, wanda aka haifa a Gana iyayensa 'yan Najeriya, da ya gina a kan kaɗe-kaɗen Afirka, kuma ɗaya daga cikinsu nake so ƙaramar ta kai. Na riga na gaya wa iyayen cewa kuɗin shiga da na ra'ayin alƙalai da na mai saita fiyano za su biya, na kofi kuma su riƙe abinsu.