Kantin maganin da ya hana ni sayen Fansidar

Ƙodar mahaifinmu ta yi rauni tun bara, har likitoci sun fara maganar wankin ƙoda. Da zazzaɓi ya kwantar da shi a tsakiyar damina, na nufi wani kantin magani da ke kan hanyar Ƙofar Kaura a Katsina domin in sayo masa Fansidar, maganin zazzaɓin cizon sauro, kamar yadda muka saba a gida. Matar da ke harhaɗa magunguna a wurin ta riga ta ɗauko kwalin, amma da ta ji batun ƙoda sai ta mayar da shi kan kanta, ta ce, "Malam, Baba ba zai sha wannan ba, a fara yi masa gwajin jini tukuna."

Bayanin da ta yi mini shi ya sa nake yaba wa wurin. Ta ce sinadaran Fansidar ta ƙoda suke fita, kuma ko a jikin mai lafiya sukan daɗe a jini, balle wanda ƙodarsa ta gaza tacewa, inda za su taru su yi lahani. Kulorokwin ma kusan rabinsa ta fitsari yake fita, ga shi kuma ya daina kashe ƙwayar cutar a ƙasar nan. Kwinin kuwa, ko da yake hanta ce ke sarrafa mafi yawansa, idan ƙoda ba ta aiki likitoci sukan rage kashi ɗaya cikin uku na adadinsa bayan awa 48, domin taruwarsa tana sa kunne ƙara, tana kuma saukar da sikarin jini.

Da gwajin ya nuna zazzaɓin cizon sauro ne, sai da muka kira likitan Baba ya amince sannan ta ba ni Coartem, wanda hanta ce ke sarrafa shi, a sha sau 6 cikin kwana 3 tare da abinci mai ɗan maiƙo. Ta rubuta lokutan sha da biro a bayan kwalin, ta kuma ja kunnena kada a ba shi ibuprofen ko diclofenac domin ciwon jiki.

Wurin yana da nasa aibun. Benci ɗaya ne tak, na yi tsayuwar fiye da rabin awa, kuma farashinsu ya ɗara na kemis ɗin unguwarmu. Matar ma sai bayan azahar ake samunta, yaran da ke tsaron kantin da safe kuwa sayarwa kawai suke yi.