Da me kake dafa gahawarka?

'Yan'uwa na gida, akwai tambayar da ke jiran duk baƙon da ya shiga shagon masu soya gahawa a nan Jamus. Ka nuna ƙwayar da kake so, mai shago ya ɗora hannu a kan injin niƙa ya ce, da me kake dafawa? Sai mutum ya yi tsuru-tsuru, ga layi a bayansa. Mu da muka saba da garin gwangwani, cokali ɗaya a ruwan zafi shi ke nan, ina muka san kowace tukunya da irin niƙanta?

Ba iyayi ba ne, tambayar tana da dalili. Ruwa yana jan ɗanɗano daga gari ne gwargwadon laushinsa da kuma daɗewar da suka yi tare. In garin ya yi laushi da yawa kuma ya jiƙu ya daɗe, ɗaci zai fito har ya kama maƙogwaro. In ya yi ɓarza ruwa kuma ya wuce da sauri, sai ka sha abu mai tsami, tsararo, ba armashi. Saboda haka tulun gilashi mai rariyar dannawa ɓarzajjen gari yake so, a bar shi minti 4 kafin a danna. Matatar takarda tana son matsakaici, kamar yashi. 'Yar tukunyar moka ta mutanen Italiya, wadda Alfonso Bialetti ya fito da ita a 1933, tana son mai laushi, amma kada ya kai na esfireso, wato 'yar gahawar nan mai ƙarfi da inji ke matsowa. Maganin ɗaci shi ne a ƙara ɓarza niƙan, maganin tsami a ƙara masa laushi. Abu ɗaya ake canzawa a kowace dahuwa, in ba haka ba ba za ka gane wanne ya gyara ba.

Injin niƙan ma iri biyu ne. Mai wuƙa mai juyawa sara kawai yake yi, ya ba ka ƙura haɗe da manyan gutsattsari, ɗaci da tsami su taru a kofi ɗaya. Mai haƙora biyu da ke murƙushe ƙwaya a tsakaninsu shi ne na kirki, kuma na hannu ya wadatar, ba ruwansa da wuta. A niƙa daidai na sha ɗaya, domin ƙanshi yana fara gudu tun daga lokacin da aka fasa ƙwaya.

Matatar takarda nan aka haife ta: wata mata a Dresden, Melitta Bentz, ta ƙirƙiro ta a 1908 da takardar shanye tawada. Yadda ake yi: giram 60 na gari a lita ɗaya, wato giram 15 a ruwa mililita 250. Da sikeli ake aunawa, cokali yana yaudara. A jiƙa takardar da ruwan zafi a zubar, don kawar da warinta. In ruwa ya tafasa a sauke shi ya huta kamar rabin minti, ana son digiri 90 zuwa 96. A zuba kaɗan ya jiƙa garin, a jira daƙiƙa 30. Sabuwar suya za ka ga ta kumbura tana kumfa, iskar da ke ciki ce take fita. Wadda ta kwanta lakadan ta tsufa. Sannan a zuba sauran a hankali ana zagayawa, komai ya ƙare cikin minti 3 zuwa 4.

Kada ku ɗauka komai na nan gwanin sha'awa ne. A manyan kantuna galibin jakunkuna ranar lalacewa kawai suke nunawa, ranar suya kuwa, wadda ita ce abin dubawa, sai a ƙananan shaguna. Ruwan famfo a garuruwa da yawa cike yake da farar ƙasa, ya yi wa buta ɓawo, ya danne ɗanɗano, dole a tace shi. Ga kuma yadda suke shanta: kofin takarda a hannu, ana sauri, ba mai ce wa wani bismillah. Nan ne kewar gida ke kama mutum.

Amma mu ma da laifinmu. A zuba gari a tukunya a yi ta tafasa shi har ya yi baƙi ƙirin, sannan a binne ƙaurin da sukari da madara, a ce wai gahawa ɗaci gare ta. A tsoma jiƙaƙƙen cokali a gwangwani, a bar murfi a buɗe. Wanda aka kawo wa niƙaƙƙiya tsaraba ya adana ta shekara guda yana jiran babban baƙo. Haba jama'a! In za ku yi saƙo, ku ce a kawo ƙwaya da ƙaramin injin hannu. Ku zuba ta a mazubi mai rufuwa ruf, nesa da rana da murhu, kada a sa a firiji, domin tana jan laima da warin abin da ke kusa da ita. Ku shanye cikin wata ɗaya ko biyu da suya.